Gida Bakwai Bayan Ɗigo

Ajiye wayar nan, Nasiru, ka juyo. Ɗazu ina jinka kana gaya wa abokanka wai aikin da kakanka ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, yanzu da ɗan yatsa ake yinsa kafin shayi ya huce. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ga ka latsa, na ga lambobi sun zubo. Amma tunda kun cika mini tabarma, kun kuma cinye gyaɗar da aka dafa don ni, to sai kun biya da kunnuwanku.

A da ni mai lissafi ne na 'yan safiyo. Ba ni ne mai shiga daji ba. Masu awo su ke shiga, da sarƙar ƙarfe da wani madubi mai ƙafa uku, su auna nisa daga wannan turke zuwa wancan, su auna kusurwar da layi ya karya, su rubuta. In an yi ɗan nisa sai a kafa dutsen siminti, don turken itace ba ya daɗewa. Mu kuma muna zaune a zaure, a kawo mana takardun awon, mu juya su su zama amsa: wannan dutsen, nawa ya yi kudu, nawa ya yi gabas daga inda aka faro. Da amsarmu ake zana taswira, da taswirar ake sharar hanya. In muka karkace da ɗan kaɗan a nan, can gaba hanya za ta iso bakin rafi ta tarar gada tana wani wuri daban.

Aikina na farko shi ne layin hanyar da ta taso daga Bebeji, ta bi gefen Kiru, ta gangara Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore har Doguwa. A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai. Lokacin babu ma tafkin Bagauda, fadama ce ake kiwo. Na fito daga makarantar midil ina ji da kaina, aka haɗa ni da Malam Iro, mutumin Bebeji, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haife ni ba. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kullum da fensir a bayan kunne, sai dai in zai yi alwala ya cire. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Habu, ka iya sau?" Na ce ai ni ne na ɗaya a ajinmu. Ya rubuta mini wata doguwar lamba, ya rubuta wata a ƙarƙashinta, ya ce in ninka. Na yi ta fama har hantsi ya dubi ludayi, gumi na ɗiga a takarda. Da na gama ya duba ya ce, "Madalla. Irin wannan muke yi ba iyaka kafin la'asar." Sannan ya jawo littafin.

Littafin log ke nan. Wanda kuka sani a makaranta ɗan siriri ne, mai gida huɗu. Namu mai gida bakwai ne, wato lambobi bakwai bayan ɗigo, kauri kamar tubali, ba ka ganin komai a ciki sai ƙananan lambobi a jere kamar tururuwa, shafi bayan shafi. Ga dabararsa. Kowace lamba tana da abokiyarta a littafin, ita ce log ɗinta. In kana son ninka lambobi biyu, ba sai ka ninka ba. Ka nemo abokansu ka haɗa, sannan ka koma littafi ka ga wace lamba ce ke da wannan jimla. Malam ya ce, "Nemo log ɗin biyu." Na nemo: sifili, ɗigo, uku, sifili, ɗaya, sifili, uku, sifili, sifili. Ya ce, "Nemo na uku." Sifili, ɗigo, huɗu, bakwai, bakwai, ɗaya, biyu, ɗaya, uku. Ya ce in haɗa su. Na haɗa na sami bakwai, bakwai, takwas, ɗaya, biyar, ɗaya, uku. Ya ce, "To biyu sau uku nawa ne? Duba nasa." Na duba na shida, wallahi sai ga shi cif, ko ɗaya bai kauce ba.

Na ce, "Malam, wannan ai siddabaru ne."

Ya ce, "Wane siddabaru? Wahalar wasu bayin Allah ce, suka yi suka mutu suka bar maka. Ka riƙa wanke hannu kafin ka taɓa."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da ya ce na biyun nan da na karanta ba shi ne ainihinsa ba, an datse masa wutsiya ne don ya shiga gida bakwai. Asalinsa uku, sifili, ɗaya, sifili, biyu, tara, tara, tara, biyar, shida, shida, a yi ta tafiya. Ba ya ƙarewa, ba ya kuma juyowa ya riƙa maimaita kansa. Kuma ba ya canzawa. Yadda yake a Bebeji haka yake a Makka, yadda yake bara haka zai kasance baɗi. Malam ya ce, "Bakwai muka ɗiba, don su suka ishe mu kai hanya Doguwa. Amma kada ka manta ɗiba ka yi, ba duka ka kwashe ba." Kai ma, Nasiru, wayar taka ɗiba take yi, sai dai ludayinta ya ɗan fi namu girma.

Sai dokar aikin, wadda ita ce ban ga kuna da ita ba. Ba a yarda da lissafin mutum ɗaya. Mu biyu ne kullum, kowa da littafinsa, kowa da takardarsa, mu zauna baya da baya a tabarma. Ba na leƙa nasa, ba ya leƙa nawa. In mun gama sai mu karanta amsa a bayyane, ya faɗi lamba ɗaya in faɗi mai bi mata, har ƙarshe. In mun yi daidai, mu ce alhamdu lillahi, a wuce. In mun saɓa, ba a tambayar wa ya yi kuskure. Kowa ya ɗauki sabuwar takarda ya sake daga farko. Da farko na ɗauka kara ce ake yi wa yaro don kada ya ji kunya, tunda kuskuren nawa ne kusan kullum. Daga baya na gane in ka je neman kuskure a takardar wani, idonka bin sawunsa yake yi, ya faɗa ramin da ya faɗa.

Mutane kuwa ba sa raba mu da masu awo, duk 'yan safiyo ne a wurinsu. Duk garin da muka sauka, zauren cika yake. Na tuna wani Arɗo a gefen Kiru, ya zo da ƙwaryar kindirmo ya ajiye gaban Malam, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce ya ga turaku sun doshi mashayarsu. Malam ya ce, "Arɗo, ni ba na matsar da hanya, faɗar inda take kawai nake yi. Amma zauna, yanzu za ka sani." Muka juya baya muka yi lissafin wurin, Arɗo na zaune yana kallon ƙeyarmu. Amsa ta fito hanya za ta wuce gabas da mashayar, da tazarar da garke zai juya. Arɗo ya ce, "Ku biyu kuka ga haka, ko shi yaron bin ka ya yi?" Malam ya ce, "Bai ga nawa ba, ban ga nasa ba." Arɗo ya ce to ya yarda. Kindirmon nan ni na sha fiye da rabi.

Akwai wata al'ada tamu. In an kai ƙarshen layi, aka zuba simintin dutse na ƙarshe, babban mai lissafi shi ke ɗaukar ƙusa ya rubuta lambar dutsen tun simintin yana ɗanye. Ba a ba kowa wannan ƙusa sai wanda ya riƙe lissafin tun daga tushe. Malam Iro shi ya faro wannan layi daga ƙofar garinsu, kuma ya san shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ya ajiye fensir. Ba mai yawan buri ba ne, amma wannan kam yana so. Yakan ce mini, "In Allah ya nuna mini dutsen Doguwa, Habu, sai in koma gida in yi kiwon tumaki."

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya kwashe turakun da aka kafa kudu da Tudun Wada, waɗanda ruwa ya bari gara ta ci. Dole masu awo suka sake. A daji kuma tsando ya kashe mana jakuna, zazzaɓi ya kwantar da rabin masu jan sarƙa. Shugabansu, wani Bafulatani mai suna Buba, shi ke kawo mana takardu, ya rame har sai ka tausaya masa. Aiki ya koma baya ƙwarai. Muka sauka a wani gida a Tudun Wada, zaure ɗaya da ɗaki biyu, da zana a tsakani. Matar Malam tana tare da mu. 'Yarsu Lami ta yi aure a Kiru, gida ba kowa, don haka duk inda aka sauka tana biye, ita ke yi mana tuwo. Ni Inna nake ce mata, shi kuma yana ce mata Uwar Lami.

A nan ne amsoshinmu suka fara saɓawa. Da can in mun saɓa, na san ni ne. Yanzu sai in sake nawa in ga bai motsa ba, nasa ne ke canzawa. Na lura ya daina zama a zaure, ya koma bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Na lura yana kai littafin har kusa da hanci. Ya sayo tabarau a Kano, bai yi ba. Da na dube shi a rana sai na ga wani fari-fari a cikin baƙin idonsa. Yanar ido ce ta fara rufe shi. Manyan abubuwa yana gani, rubutun hannunsa in ya yi shi manya yana gani, amma tururuwar littafin nan ta gagare shi. Yakan zame daga layi ya faɗa na ƙasa bai sani ba.

Kuma mu duka mun san doka. Mai lissafin da ido ya gaza, gida ake mai da shi, a kawo wani. Mai safiyon da ke kanmu wani mutumin Kudu ne, muna ce masa Oga. Ba mugu ba ne, amma ba ya wasa da aiki, kuma yakan zo daga Kano ba sanarwa. In ya zo ya ga haka, Malam ba zai ga dutsen Doguwa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗansa. Sai na yi dabara irin ta yaro. Wata safiya na ce, "Malam, ni fa karatun lambobina ya yi rauni. Bari in riƙa karantawa da ƙarfi kana ji, in na yi kuskure ka gyara mini." Ya ce to. Na riƙa nemo log ina faɗa a bayyane, yana rubutawa, ina rubutawa. Ranar duk amsoshinmu suka yi daidai, ko ɗaya ba mu sake ba. Har ina murna a raina.

Da muka idar da azahar ya ce, "Habu, lissafi nawa muka yi yau?"

Na ce, "Biyu, Malam, kamar kullum. Naka da nawa."

Ya ce, "A'a. Ɗaya muka yi, muka rubuta a takarda biyu. Ido ɗaya ne ya shiga littafi. In ka zame layi, ni ma na zame tare da kai, mu taru mu ce alhamdu lillahi a kan kuskure." Ya dafa kafaɗata. "Na san abin da ka yi, Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan sa hanya ta kauce don in riƙe ƙusa ba. Yayyaga na yau. In Buba ya zo gobe, zan ba shi saƙo ya kai wa Oga."

Sai muka ji gyaran murya daga bayan zana. Ashe Inna tana nan tana tankaɗe, duk ta ji.

Ta ce, "Malam, wai lambobin nan naku guda nawa ne?"

Ya ce, "Ba su da iyaka, Uwar Lami."

Ta ce, "Ba haka nake nufi ba. Kamanninsu. Iri nawa ne?"

Ya ce, "Goma."

Ta ce, "Goma kacal? Haba! Ni da babana ya zaunar da ni gaban allo har na sauke, goma ne za su gagare ni? Ido kake nema ba kai ba, ko? Kan ai kana da shi. To ga ido."

Malam ya yi dariya, ya ce wannan ba aikin wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take yi ba, tuwon da yake ci kullum ya taɓa jin tsakuwa a ciki? Wanda ya iya tsince tsakuwa daga gero ai zai iya tsince lamba. Can ya ce, "Habu, ba ni gawayi."

Haka aka fara. Ya zana mata lambobin goma manya-manya a jikin bango. Da farko sifili take kira biyar, don a lambobin allo da ta sani biyar ce mai kama da zobe, amma ba a daɗe ba ta rabu da wannan. Kama kamanni bai ba ta wuya ba. Abin da ya ba ta wuya shi ne nemo wuri: shafi kaza, layi kaza, sannan a bi a ƙirga zuwa gida kaza. Sai ta fere wani siririn kara ta riƙa ɗora shi ƙarƙashin layi, ta sa tsinke a kan gidan da ake nema. Malam ya kafa mata doka: kafin ta karanta abin da ke ciki, sai ta fara maimaita masa lambar gefen layi, ya tabbata nan ne. In ta karanta, ta sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Ya gwada ta da tsofaffin lissafin da muka riga muka san amsarsu, ya yi ta gwada ta har ta fara ƙorafi, sannan ya yarda. Ya kuma ce mini, "Ba ɓoyewa za mu yi ba. Ranar da Oga ya zo, ni zan gaya masa da bakina."

Zama ya canza. Ni ina zaure da littafina. Shi yana cikin gida bakin zana, da babbar takarda da baƙin fensir mai kauri, ita tana gefensa da littafinsa a cinya. Don kada in ji abin da take karantawa ya ruɗe ni, ko ya ja ni, sai in toshe kunne da auduga. In mun gama ya fito, mu karanta amsa kamar da. Muka koma daidaita. In mun saɓa, kowa ya sake, har ita, ba a tambayar wa.

Wani lokaci ina cire audugar in na riga su gamawa, don jin su yana da daɗi. Tana karanta lambobin nan da irin muryar da ake biya karatu, a hankali, tana ja. Wata rana na ji ya gaya mata zancen wutsiyar log ɗin biyu.

Ta ce, "To ina sauran?"

Ya ce, "Babu ƙarshe."

Ta ce, "Wa ya bi ya gani?"

Ya ce, "Ba a bi ba, an dai gane da hujja."

Ta ce, "Ikon Allah. Shekara nawa muna tare, kullum ina ganinka ka dunƙule a kan littafin nan, ashe abin da ba ya ƙarewa kake bi. Da na sani ai da ban riƙa yi maka faɗan tuwo ya huce ba." Ya ce da ta ci gaba da yi, don shi ya sa bai mutu da yunwa ba.

Muka bi masu awo muka ratsa daji, muka sauka wani ƙauye kusa da Doguwa, duwatsu na hango mu. Saura kaɗan a gama. Wata rana ina zaure, auduga a kunne, kaina a takarda, sai na ga takalmi a gabana. Na ɗaga kai, Oga ne. Ashe motarsa ta tsaya can bakin hanya ya ƙaraso da ƙafa. Na zare audugar, na miƙe ina gaisuwa. Daga bayan zana muryar Inna na tashi sarai: "Takwas, huɗu, biyar, sifili." Oga ya karkata kai yana saurare. Yana jin Hausa sosai, ya daɗe a Kano.

Ya ce, "Wa ke karanta log a cikin gida?"

Kafin in buɗe baki Malam ya fito yana lalube da hannu a jikin zana. Ya gaishe shi, ya zauna, ya gaya masa komai tiryan-tiryan: yanar ido, dabarar da na yi da yadda ya hana, da yadda ake yi yanzu. Bai roƙe shi komai ba. Ya ce, "Ga takardun nan duka. In ka ga ba su yi ba, a sake, ni kuma a sa ni a mota."

Oga ya sunkuya. Ya kwashi takardun, ya karɓi littafina, ya tafi gindin wata tsamiya ya zauna. Ya zaɓo wurare nan da can yana sake lissafin da kansa. Mu kuwa muna zaure kamar masu zaman makoki. Inna ta aiko da fura, Malam bai sha ba. Buba ya zo ya tsuguna bakin ƙofa. Har aka yi la'asar Oga na can.

Da ya dawo ya ajiye takardun gaban Malam ya ce, "Ban sami komai ba." Ya zauna, ya cire hularsa yana fifita. Ya ce, "Malam Iro, ka san ba ni na yi doka ba. Dole in gaya wa Kano idonka ya tafi, kuma dole su sallame ka. Ba zan yi ƙarya ba."

Malam ya ce, "Ban so ka yi ba."

Oga ya ce, "Amma daga nan Riruwai zan wuce, ina da aiki a can. Motar tawa kuma ka san halinta. Ba na jin zan ga Kano kafin ku zuba siminti." Ya juya wajen zana ya ɗaga murya. "Mama, sannu da aiki."

Daga ciki Inna ta ce, "Yawwa, sannu ɗan nan. Ka ci abinci kuwa?"

Na fita bayan gida na share hawaye, ba na so Buba ya gani. Da na juyo sai na ga shi ma yana can yana fyace hanci.

Muka ƙarasa. Amsa ta ƙarshe muka karanta, shi ɗaya ni ɗaya, ta fito daidai har gida na bakwai. Washegari da hantsi aka tafi wurin dutsen, a kan wani ɗan tudu gabas da gari. Malam ya ce ba zai tafi ba sai da Uwar Lami. Ta ce ita me za ta yi cikin maza, ya ce wanda ya yi aiki ai shi ke zuwa. Ta yafa mayafi, Buba ya samo mata jaki. Malam kuwa ya ƙi a riƙe masa hannu, ya hau tudun da sandarsa, yana tuntuɓe yana cewa ba komai.

Aka kwaɓa siminti aka zuba, aka shafe samansa. Buba ya miƙa wa Malam ƙusa da hannu biyu. Ya durƙusa, ya shafa gefen dutsen ya gane faɗinsa. Na ciro takardar da lambar ke ciki zan karanta masa, sai ya ce, "Ba ta." Na miƙa wa Inna. Ta tsaya a kansa tana faɗa ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a hankali. Masu jan sarƙa duk sun kewaye suna kallo.

Ta ce, "Malam, bakwai ɗin nan ta karkace."

Ya ce, "Ana gane ta?"

Ta sunkuya ta duba. Ta ce, "Ana ganewa."

Ya ce, "To bar ta."

Da ya gama ya daɗe a durƙushe. Inna ta dubi gabas ta dubi yamma, ba komai sai ciyawa da duwatsu, ta sake duban ɗan simintin nan da bai fi turmi girma ba.

Ta ce, "Wai duk karatun nan da na sha, wannan ɗan abin muke nema?"

Ya ce, "Shi ne."

Ta ce, "To ai mun same shi. Tashi mu je gida."

Ya miƙe, ya ba ni ƙusar, ya ba Buba sandarsa. Sannan ya lalubo gefen mayafinta ya riƙe. Ta ce a bar jakin, ta shiga gaba, tana gaya masa inda dutse yake.